Maƙoƙo da Gishiri: Tarihin Wata Cuta a Ƙasar Maraɗi

Hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maraɗi, ta bi ta Agiye da Gazawa zuwa Tasawa, ta keta ƙasar hatsi ce, nesa da teku. A irin wannan ƙasa, ruwa da abinci ba su cika ɗaukar isasshen sinadarin aidin ba. Shi kuwa aidin, da shi ne wata ƴar halitta da ke gindin wuya, wadda likitoci ke kira tiroyid, take aikinta. In ta rasa shi sai ta kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Shekaru aru-aru, gishirin wannan yanki ayari ne ke kawo shi: beza da kantu daga Bilma, manda daga Mangari. Yana gyara miya, amma ba ya cike gurbin aidin. Saboda haka maƙoƙo ya zama abin gani a kasuwa da bakin rijiya, musamman ga mata. Wasu su nemi laya, wasu su kai wa wanzami ya yi tsaga, mafi yawa su rufe da gyale su ci gaba da daka.

Nan ne hatsarin yake, domin sabo turken wawa ne. Yawancin maƙoƙo ba ciwon daji ba ne, amma a cikinsa akan sami ƙullutu mai tauri da ke girma, ya dusashe murya, ya hana haɗiya. Inda ido ya saba da kumburin wuya, wa zai tsaya ya bambanta?

Amsar ta zo sannu a hankali daga nesa. A 1811 Bernard Courtois ya gano aidin a Faransa. A 1909 Theodor Kocher na ƙasar Suwizalan ya sami lambar Nobel saboda aikinsa kan tiroyid, bayan ya mai da fiɗarta, wadda dā ke kashe mutane da yawa, aikin da ake tashi lafiya. A 1946, a Amurka, aka bayyana cewa aidin mai tururin nukiliya yana bin dajin tiroyid har inda ya bazu, ya ƙone shi. Taron ƙoli na duniya kan yara na 1990 ya ɗauki alkawarin kawar da ƙarancin aidin, kuma cikin shekarun da suka biyo baya Nijar ta wajabta sa shi a gishirin ci.

Gishiri mai aidin yana rage maƙoƙo, amma ba ya warkar da daji. Wannan sai da hoton wuya, da siririyar allura da ake zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun a duba, sannan fiɗa, da ƙwayar da mai jinya zai sha kullum in an cire halittar duka. A 2011 Gazawa ta rabu da Agiye ta zama gunduma mai kanta, a 2021 kuma aka soma gashin ciwon daji da na'ura a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi.

Dajin tiroyid yana cikin waɗanda aka fi warkewa daga gare su in an tare shi da wuri. Abin da ya rage shi ne nisan da ke tsakanin gyalen da ya rufe wuya da hannun likitan da zai taɓa shi.