Gayyar Kwamfutoci: Tarihin Zagayen Aikin da Ba Ya Yankewa

A ranar 17 ga Mayu, 1999, masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka saki wata manhaja mai suna SETI@home. Babban faifan sauraron sararin samaniya na Arecibo, a tsibirin Puerto Rico, yana tara bayanan da suka fi ƙarfin kwamfutocinsu, su kuma suna neman ko akwai saƙon wasu halittu a ciki. Sai suka yi abin da manomin Sheme yake yi idan gona ta fi ƙarfin gidansa, suka kira gayya. Aka yayyanka bayanan, kowane yanki sauraron kimanin daƙiƙa 107, aka rarraba wa duk wanda ya yarda ya ba da aron kwamfutarsa. Sama da mutum miliyan 5 suka amsa kira.

Aikin manhajar kuwa zagaye ɗaya ne da take maimaitawa dare da rana. Da farko tana duba ko akwai aiki a hannunta. Idan babu, ta roƙi sabon yanki daga babbar kwamfutar Berkeley. Sannan ta shiga lissafi, amma sai a lokacin da mai na'ura ba ya bukatar ƙarfinta. Lokaci-lokaci tana rubuta inda ta kwana, domin idan aka ɗauke wuta ta ci gaba daga nan. Da ta gama, ta mayar da sakamako, ta karɓi wani yankin.

Sai dai wannan gayya ta baƙi ce, mai gona bai san fuskar kowa ba. Wasu sun riƙa aika sakamakon jabu don sunansu ya hau saman jerin gwanaye, wasu kuma suka karɓi aiki suka ɓace. Waɗannan darussa ne David Anderson ya zuba a cikin BOINC, tsarin da aka fara a 2002. Yanki ɗaya ana ba wa kwamfuta fiye da ɗaya a gwada amsoshinsu. Kowane aiki yana da wa'adi, idan ya wuce a miƙa wa wani. Idan babbar kwamfuta ta ƙi amsawa, manhajar takan jira, tana ƙara tsawon jiran bayan kowace gazawa, don kada dubban na'urori su yi mata rubdugu lokaci guda.

Tunda BOINC bai damu da irin lissafin da aka ɗora masa ba, wasu masana suka ara. A 2006 cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta buɗe malariacontrol.net, don kwaikwayon yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa da auna hanyoyin daƙile shi. A 2010 kuma kwamfutocin 'yan sa-kai na Einstein@Home suka gano wani tauraro mai bugun haske da ba a san shi ba.

SETI@home ta daina rarraba aiki a ranar 31 ga Maris, 2020, ba tare da ta tabbatar da saƙon wata halitta ba. BOINC kuwa yana nan yana aiki har yau.