Tabon Fulorayid a Haƙora da Hanyoyin Dawo da Kyan Ɓawon Haƙori: Nazari Kan Yankin Funtua da Malumfashi

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar musabbabin tabon fulorayid da matakan gyara shi, ta auna su da yanayin kudancin Jihar Katsina. Matsayarta ita ce a fara da gyaran da bai cin haƙori sosai, a kuma haɗa aikin asibiti da gwajin ruwan sha.

1.0 Gabatarwa

Fulorayid sinadari ne da kaɗan ɗinsa ke kare haƙori daga ruɓewa, yawansa kuma ke ɓata farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin. Ɓarnar tana aukuwa ne tun haƙori na cikin dasashi, daga haihuwa zuwa kimanin shekara 8. Frederick McKay ya fara lura da irin wannan tabo a Kolorado ta Amurka a 1901, sai a 1931 aka gano fulorayid ɗin ruwa ne sanadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ma haka ya ce.

2.0 Yanayin Yanki

Funtua da Malumfashi suna zaune ne kan tsofaffin duwatsu, irin waɗanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke iya kwaso fulorayid daga cikinsu. Madatsar Mairuwa tana ba Funtua ruwa, amma ƙauyukan manoman auduga da masara sun fi dogaro da rijiyoyi da burtsatsai. Ga kuma zafi, mai sa yaro shan ruwa da yawa. An san matsalar a Langtang ta Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Tibiri kusa da Maraɗi, inda ruwan burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1980 ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku, ya ɓata haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwansu.

3.0 Tantancewa

Ba kowane jan haƙori ne tabon fulorayid ba. Jan goro da na fure da na shayi a saman haƙori suke, wankin asibiti yana fitar da su. Shi kuwa tabon fulorayid a jikin ɓawon yake, kuma yakan fito dama da hagu iri ɗaya. Ma'aunin Dean na 1942 da na Thylstrup da Fejerskov na 1978, mai mataki 0 zuwa 9, su ne ke rarrabe shi: daga fararen layuka, zuwa fari fat kamar alli, zuwa ramuka da zaizayewa. Dirzar haƙori da gawayi ko toka ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara cinye ɓawon, wanda ba ya sake tsirowa.

4.0 Matakan Gyara

4.1 Kankarewa. Croll da Cavanaugh sun bayyana wannan hanya a 1986: ana goga asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin kashi 18 cikin ɗari tare da garin dutse mai laushi, a ɗebe siririn saman ɓawon. Ta dace da tabon da bai yi zurfi ba, kuma ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada.

4.2 Farantawa. A 1989 Haywood da Heymann suka gabatar da amfani da kabamaid firoksaid kashi 10 cikin ɗari a wani mazubi da ake kwana da shi a baki. Yana rage launin ƙasa-ƙasa, amma yakan jawo tsamin haƙori na ɗan lokaci.

4.3 Cusa ƙaro. Samfurin Icon, wanda ya fito a 2009, yana shigar da ƙaron roba mai ruwa-ruwa cikin ƙananan kofofin ɓawon, sai farin tabon ya saje da kewayensa ba tare da an fiƙe haƙori ba.

4.4 Liƙi da hula. Idan akwai ramuka, sai a cike da farin ciko, ko a liƙa fuskar tangaran, ko a sa wa haƙorin hula. Waɗannan suna buƙatar fiƙewa, kuma dole a riƙa sabunta su, don haka ya kamata a jinkirta su ga yara.

5.0 Kammalawa

Budurwa ko saurayin da ke rufe baki in zai yi dariya yana da haƙƙin samun gyara a kusa da gida. Maƙalar tana ba da shawarar a wadata manyan asibitocin Funtua da Malumfashi da kayan kankarewa da farantawa, a riƙa tura masu tabo mai zurfi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sannan a auna fulorayid ɗin kowane burtsatse kafin a miƙa shi ga jama'a. Inda ya yi yawa, a tace ruwan da gawayin ƙashi, ko da alif da farar ƙasa bisa tsarin Nalgonda na Indiya, ko a tanadi ruwan sama domin yara. In an gyara wa yaya haƙori aka bar rijiyar yadda take, ƙannensa ma suna tafe asibiti.