Daga Dutsen Sheffield Zuwa Faifan Mai Walda

Ƙaramin injin lantarkin nan da masu walda ke riƙewa suna yanke rodi ko goge tabon walda, tartsatsi na tashi ta ko'ina, bai cika shekara ɗari a duniya ba. Haɗarinsa kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun da ɗan Adam ya fara juya dutse don ya ci ƙarfe yake fama da masifa biyu: ko dutsen ya fashe, ko ƙurarsa ta cinye huhu. A ganina, ba a fahimtar ƙa'idojin aiki da wannan inji sai an san irin wahalar da ta haife su.

Birnin Sheffield na Ingila, wanda ya shahara da ƙera wuƙaƙe da cokula, shi ne inda wannan wahala ta fi bayyana a ƙarni na 19. Masu wasa wuƙa a can kan zauna a kan wani benci kamar mahayin doki, su sunkuya bisa ƙaton dutsen yashi da ruwa ko tururi ke juyawa. Idan dutsen ya fashe, mutumin da ke sunkuye a kansa yake fara samu. Wanda ya tsira daga wannan kuma, ƙura na jiransa. A littafinsa na 1845 game da halin ma'aikatan Ingila, Friedrich Engels ya ruwaito cewa masu wasa a busasshen dutse da ƙyar suke kaiwa shekara 35, masu jiƙa dutsen kuma ba kasafai suke wuce 45 ba.

Sauyi ya faro ne daga dutsen kansa. A 1891 wani Ba'amurke, Edward Acheson, yana gasa yumɓu da gawayi da wutar lantarki sai ya samu wani sinadari mai tsananin tauri da ya raɗa wa suna Carborundum. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa ƙaron roba na Bakelite, wanda irinsa ne ake ɗaure ƙwayoyin faifai da shi har yau. Daga baya aka riƙa saka ragar zaren gilashi a cikin faifan. Wannan raga, wadda mai saye ba ya ko lura da ita, ita ta ba da damar a yi faifai siriri mai jure gudu.

Injin kansa ɗan Jamus ne. Kamfanin Ackermann da Schmitt, wanda aka kafa a Stuttgart a 1922, ya fara da injin guga mai lanƙwasasshiyar igiya, daga nan sunan Flex ya samo asali. A 1954 kamfanin ya fitar da injin hannu mai tsananin gudu, wanda haƙoran cikinsa ke karkatar da juyin mota zuwa faifan da ke gefe. Sunan ya bi kayan har Jamusawa suka mai da shi kalmar aikatau. Mutanen Rasha kuwa suna kiransa "bolgarka", wato 'yar Bulgeriya, saboda daga can ya fara shigo musu a zamanin Tarayyar Sobiyet.

Abin da aka yi a 1954 shi ne an ɗauko dutsen Sheffield, an ƙanƙanta shi, an ninka gudunsa, an danƙa shi a hannun mutum ɗaya. Ƙaramin inji mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti guda, kuma iyakar da aka ƙayyade wa bakin irin wannan faifai ita ce mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. Ɓarbashin da ya ɓalle a wannan gudu ba shi da maraba da harsashi. Shi ya sa Birtaniya ta kafa doka a 1970 wadda ta wajabta murfin kariya da horar da duk mai ɗaura faifai.

A nan ne tarihin ya iso bakin titunanmu. Duk wanda ya ratsa rumfunan walda a Kano ko Maraɗi ya ga injin da aka cire wa murfi, sau da yawa don a ɗaura masa faifan da ya fi ƙarfinsa. Ba na ɗora laifin ga ganganci kaɗai. Faifai kuɗi ne, wuta ba ta zama, mai ƙofa kuma yana tsaye yana jira. Sai dai lissafi ba ya jin uzuri. Ramin tsakiyar ƙaramin faifai da na babba ɗaya ne, milimita 22.23, don haka babban yakan shiga ba gardama. Amma faifan milimita 230 an yi shi ne don juyin da bai wuce kusan 6,600 ba. A ɗora shi a kan ƙaramin inji, ƙarfin da ke neman tsaga shi ya kusa ninka abin da aka yi shi dominsa sau uku, ga kuma babu murfin da zai tare fuska.

Sauran ƙa'idojin duk daga wannan tushe suke. A zare filogi kafin a canja faifai. A bar sabon faifai ya yi gudu na ɗan lokaci nesa da jiki kafin ya taɓa ƙarfe. Kada a yi guga da gefen siririn faifan yanka, domin ragarsa ba ta ɗaukar matsi ta gefe. A sa gilashin ido da abin rufe hanci, musamman wajen yankan tayil ko siminti, saboda ƙurarsu irin wadda ta kashe mutanen Sheffield ce. A riƙa fitar da ƙura daga kafofin iskar injin, a canja gawayin motarsa idan ya cinye.

Akwai kuma abin da na tarar mutane kaɗan ne suka sani: faifai na da wa'adi kamar magani. Ƙaron da ya ɗaure shi yana raunana da laima da daɗewa, don haka masu ƙera shi bisa ƙa'idar Turai suke buga wata da shekara a kan zoben ƙarfen tsakiyarsa, yawanci shekara uku daga ranar ƙira. Faifan da ya yi damina biyu a kan dandaɓar rumfa na iya lalacewa tun wannan rana ba ta zo ba.