Idan kun kawo yara hutu Mubi: wuraren zuwa da wasannin da ba sa cin ko sisi

Duk ƙarshen watan Yuli da tsakiyar Disamba, da zarar an rufe makarantu, motocin da ke tasowa daga Agege da Mile 12 da Sabo ta Ibadan da Fatakwal da Onitsha sukan cika da mata da yara masu zuwa ganin gida. Wanda zai kai iyalinsa Mubi daga Legas ya san kuɗin mota kaɗai ya isa ya taɓa masa jari, ballantana tsaraba da hidimar dangi. Kafin a sauka aljihu ya riga ya huce. Sai a zube a gida, yara su yi sati uku ko huɗu a ɗaki suna faɗa a kan waya, su koma Kudu ba abin da za su ba abokansu labari sai sauro da tuwon masara. Bayan shekara biyu ka ce a sake zuwa, yaro ya ce maka shi ba ya so. Daga nan ne fa ake fara rabuwa da gida.

Alhali abubuwan da suka fi daɗi a Mubi ba a biyan kuɗin shiga. Ga waɗanda na sani, da yadda ake zuwa, da inda ya kamata a yi hattara.

Da farko ku gaya musu inda suke

Mubi tana arewacin jihar Adamawa, tafiyar kusan kilomita 200 daga Yola ta hanyar Song da Gombi da Hong, a gindin duwatsun Mandara da suka raba mu da Kamaru. Ƙananan hukumomi biyu ne, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, kuma kirarin garin shi ne Sabon Dale. Akwai Fali da Gude da Fulani da Higi da Margi da Kilba da Njanyi da Hausawa, Musulmi da Kirista, duk a kasuwa ɗaya.

Abin da yakan ba yara mamaki shi ne ranar 1 ga Oktoba, 1960, da Najeriya ta samu 'yanci, Mubi ba ta cikinta. Jamusawa ne suka fara mulkin wannan yanki a matsayin wani ɓangare na Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Turawan Ingila a matsayin amana. Sai a watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen nan suka zaɓi Najeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi. Daga nan aka shiga jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Idan akwai tsoho a gidanku da ya haura saba'in da biyar, ku tura yara su tambaye shi abin da ya tuna na ranar ƙuri'ar, ko abin da iyayensa suka gaya masa. Hirar dare ɗaya ke nan ta samu.

Tike

Ni a nan na tashi, don mahaifina fataucin shanu yake yi, saboda haka ku yi mini afuwa idan na daɗe a kai. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manya a Arewa maso Gabas. Shanu na shigowa daga Kamaru da Chadi da rugagen kewaye, a loda su a tirela a nufi Legas da Fatakwal da kasuwannin Gabas. Wato naman da yaronka ke gani a teburin mahauci a unguwarku, wataƙila daga wannan fili ya taso. Ka nuna masa haka, ya ga inda abincin gidanku yake fitowa idan kai ma harkar kake yi.

Ku tambayi ranar kasuwa a gida, ku fita da hantsi kafin rana ta take da ƙura. Wasa na farko shi ne rarrabe iri. Farar saniya mai baƙin kunne da baƙin hanci da matsakaicin ƙaho, Bunaji ce. Ja mai duhu, doguwa, mai ƙaho kamar zai taɓa sama, Rahaji ce, shanun Bororo, kuma ita ce ba a yi wa wargi don ba ta saba da baƙo. Mai gajeren ƙaho da cikar jiki da babban tozo, Gudali ce, wadda Adamawa ke taƙama da ita. Ka ba kowane yaro iri ɗaya ya ƙirga, a ga wanda zai fara kai hamsin. Daga nan a shiga sunaye: maraƙi, karsana, saniya, sa, bijimi. Yaran Kudu da yawa duk "saniya" suke ce musu, wasu ma "malu" irin na Yarbawa.

Wasa na biyu sai da taimakon dillalin da kuka sani. Ka roƙe shi ya buɗe bakin wata mai sanyin hali yara su leƙa. Za su ga saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa ne take da guda takwas. Na nono ƙanana ne. Idan ta kai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, biyun tsakiya su faɗi manya su fito, sannan a riƙa ƙara bibbiyu har takwas ɗin su cika wajen shekara biyar. Daga nan sai su fara cinyewa. Da haka ake gane shekarun dabba ba tare da an yarda da bakin mai ita ba. Na ga yara da ba sa zama minti biyar wuri ɗaya sun tsaya cik saboda wannan.

Na uku shi ne sauraren ciniki. Ku tsaya gefe ku ji yadda mai saye ke tayawa, mai dabba ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma ya ja wancan, har a kai ga an sallama, a cire la'ada. Ka tambayi babban yaron ya yi hasashen farashin kafin a gama. Lissafi ne da ladabi a haɗe: ya ga yadda ake ƙin tayi ba tare da an ci mutuncin mai tayi ba.

Amma tike ba filin wasa ba ne. Kada a kawo yaron da bai kai shekara shida ko bakwai ba. Hannunsa a naka koyaushe. Ba a tsayawa a bayan saniya, ba a bi ta tsakiyar garke, kuma a nisanci wurin lodi, don a nan dabba take firgita ta tsinke igiya. Idan kun ji ana ihun a kauce, a kauce kawai, ba a tsaya kallo. Hoto kuma sai an nemi izini, mutane da yawa ba sa so, kuma suna da dalilinsu.

Bakin Yedzaram

Kogin Yedzaram ya ratsa garin, daga duwatsu ya gangaro ya yi arewa ta wajen Uba da Bama ya nufi yankin Tafkin Chadi. Yadda za ku yi da shi ya danganta da lokacin da kuka zo.

Idan hutun Disamba ne, ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili, masu lambu sun fara noman rani a gefe. A nan ake tsere da ƙwallo da langa, kuma a gaɓa ake samun yumɓu. Ku ɗebo a leda ku kai gida, kowa ya gina saniyarsa da tozo da ƙaho, a shanya a inuwa don rana tana fasa ta. Yaron da ya je tike jiya za ka ga yau yana gardama cewa tasa Rahaji ce. Uba ma ya zauna ya gina tasa, ba abin kunya ba ne, dukanmu da shi muka girma.

Idan dogon hutu ne na Agusta, kallo daga nesa kawai. Kogin nan daga dutse yake zuwa: ana iya yin ruwa a can sama, a gari ko ɗigo babu, sai kawai ka ga ya taso da ƙarfi. Kuma ko da rani kada a bar yara su yi wanka ko iyo a ruwan da ya kwanta a kududdufi. A irinsa ake ɗaukar tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta shiga ta fata. Yaro ba ya nuna alama nan take, sai an koma Kudu da makonni, a rasa daga ina.

Dutse da gona

Duk inda ka tsaya a Mubi ka dubi gabas za ka ga duwatsu. Hawa ɗan ƙaramin tudu na kusa da gari da sassafe, a zauna a sama a nemo rufin gidan kaka da hasumiyar masallaci da gine-ginen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, ya isa fita guda. A hanya a riƙa kiran sunan itatuwa: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, giginya. Da hunturu ana samun kanya da magarya, a tsinka a ci. A kan gangaren duwatsu kuma za su ga yadda manoman dutse ke jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasa da ruwa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba. Kowa ya san abin da garin nan ya gani a ƙarshen Oktoban 2014 lokacin da Boko Haram suka shigo, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, da kuma harin ranar 1 ga Mayu, 2018. Gari ya farfaɗo, kasuwa ta cika, amma ba a shiga daji da ka. A tafi da ɗan gari, idan ƙauye ne a gaida Jauro a faɗa masa inda za a, kada a doshi bakin iyaka, kuma a dawo kafin la'asar. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya, wuri ne da ya cancanci gani, da hanyoyinsa na dutse da gidan Hidi a saman tsauni. Sai dai shi akwai kuɗin mota, kuma sai an tambayi halin hanya a satin da za a je.

Mafi sauƙi duka shi ne gonar dangi. Da damina a taya cirar ciyawa a gasa masara, da kaka a taya tsinkar gyaɗa da roron wake. Sa'a biyu ta isa, kada a mai da shi horo.

Ranar Juma'a kuma a bi ta ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, yara su ga dogarai da rawuna. Idan zuwanku ya dace da Sallah kuma an yi hawa a shekarar, ku nemi wuri da wuri, nesa da ƙafar dawakai.

Bayan isha'i

Rashin wuta a nan riba ne. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida a dubi sama, abin da hasken Legas ba ya bari a gani. A nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, wadda ke fitowa sarai da daren hunturu, da Zara idan ta bayyana bayan faɗuwar rana. Sannan a miƙa su ga kaka ko goggo. Su koyi cewa idan an ce ga ta nan ga ta nanku, amsa ake yi, kuma tatsuniya ba ta ƙarewa sai an ce ƙurunƙus. Iyaye maza sukan sulale waje a wannan lokaci. A ganina kuskure ne: yaron da ya ga ubansa yana dariyar wayon Gizo ba zai ce abin na ƙauye ba ne.

Dara kuwa da yamma ake yin ta a ƙofar gida. A tona ramuka talatin a ƙasa, layi biyar shida-shida. Kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. A jera su bi da bi, amma a lokacin jeri ba a yarda ka haɗa uku a layi ba. Idan an gama sai a fara turawa rami ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya haɗa uku a jere ya ci, ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa, har sai ɗaya ya kasa haɗa uku. Dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, a daidaita kafin a fara don gudun rigima. 'Yan mata kuma ga carafke da gaɗa, kuma uwayensu sun fi ni sanin wannan.

Akwai kuma wasan harshe, tun da Fulatanci na ko'ina a Mubi. Kullum kalma biyar: nagge saniya, kosam nono, ndiyam ruwa, wuro gari, mayo kogi. Da yaro ya riƙe biyun ƙarshe, shi da kansa zai warware maka ma'anar Wuro Gude da Mayo Bani idan ya ji an ambace su. A haɗa da gaisuwa. Yaron da ya durƙusa ya gaida tsohuwa da harshenta, ranar ba zai rasa gyaɗa a aljihu ba.

Wanda bana bai samu zuwa ba, dara da carafke da tatsuniya ba su buƙatar Mubi, kwali da murafun kwalba sun wadatar ko a bene kake haya. Shanun ma suna nan kusa da ku: Kara a bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, Oko-Oba a Agege, Lokpanta a Abia. Ku nemi dillali ɗan gida a can ya buɗe wa yara bakin saniya, da sharuɗɗan nan da na lissafa na tike.