Gimi da Wusasa: Ƙauyuka Biyu na Masu Bi

Da wuya a sami Kirista Bahaushe wanda bai taɓa jin sunan Wusasa ba. Amma in ka ambaci Gimi, ko da a taron dattawan ikilisiya ne, kaɗan za su ɗaga kai. Alhali kuwa Gimi ce babba, Wusasa ƙanwarta ce. Dukansu biyu suna ƙasar Zazzau, dukansu masu bi ne suka taru takanas suka kafa su domin su zauna wuri ɗaya, su yi sujada ba tsoro. Ɗaya ta watse cikin 'yan shekaru, ɗaya tana nan har yau. Tun da a ƙasarmu ta Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa, har maƙwabtanmu na Babura, ba a rasa iyalan masu bi da ke shawarar tashi su sari sabon wuri, ya kamata mu san abin da ya raba su.

Labarin ya faro daga birnin Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda ya duƙufa kan abin da aka faɗa game da Annabi Isa har ya tara almajirai. Aka kira su Isawa. Wajen shekara ta 1867 aka kashe shi a kasuwar birni, mabiyansa suka bazu, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Ba su da Littafi Mai Tsarki, ba su da majami'a. Fiye da shekara 40 suna riƙe da abin da suka gāda, 'ya'ya suna karɓa daga iyaye.

A 1913 waɗansunsu suka iso wurin Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ke zaune a Durumin Maigarke cikin birnin Zariya tun 1905, shi ne kuma daga baya ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Ka auna farin cikin mutumin da ya yi shekaru yana shuka a kan fako, sai ga jama'a sun zo da ƙafarsu suna neman a koya musu. Ba a daɗe ba aka yanke shawara a tattara su wuri guda. Aka zaɓi Gimi, a gefen hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Kano, aka ɗora Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ya zama makiyayinsu. Mutum fiye da 100 suka bar gonakinsu da danginsu suka zo. Aka gina ɗakuna, aka yi noma, aka buɗe makaranta, aka yi wa mutane baftisma.

Sai ciwon barci ya shigo.

Mu mutanen arewacin Jigawa ba mu san wannan ciwo sosai ba, domin ƙasarmu ta fi ƙarfin ƙudan tsando da ke kawo shi: ta cika bushewa. Tsandon da ke sa wa mutum ciwon yana zaune ne a kurmin bakin rafi, inda akwai inuwa da laima. Yana jiran mace mai ɗiban ruwa, da yaro mai wanka, da manomi mai ƙetare mashigi. In ya ciji mai ciwo ya koma ya ciji mai lafiya, shi ke nan. Da fari zazzaɓi ne da kaluluwa a bayan wuya, abin da kowa zai raina. Bayan watanni mutum ya soma gyangyaɗi da rana tsaka, hankalinsa ya rikice, ya rame, ya mutu. Duba fa, abin da ke jan manomi zuwa wuri, wato ruwa kusa da inuwa da ƙasa mai laushi, shi ne gidan abin da zai kashe shi. Kuma tara mutane da yawa a mashaya ɗaya sauƙaƙa wa ƙudan aiki ne. Jama'ar Gimi ta yi ta mutuwa, manya da yara, har waɗanda suka ragu suka tashi, aka kwashe yara da marayu zuwa makarantar Miller a Zariya.

Ba na so mu yi wa waɗannan bayin Allah shari'a da sauƙin baki. Magungunan da ke aiki sosai a kan ciwon ba su shigo hannu ba sai a shekarun 1920. Amma akwai gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa: tun 1903 likitoci a ƙasar Yuganda suka tabbatar cewa tsando ne ke yaɗa ciwon barci, shekara 10 cur kafin Isawa su zo Zariya. Sanin yana nan a duniya, bai dai shiga cikin shawarar zaɓen wuri da nauyin da ya kamace shi ba. Bangaskiya ba ta gaza a Gimi ba, ƙauna ma ba ta gaza ba. Ƙasar ce ba a yi mata tambayoyin da suka isa ba. Na kan tuna da Nehemiya, mutumin addu'a da azumi, wanda da ya isa Urushalima bai tara jama'a nan da nan ba. Ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare a kan dabbarsa ya zaga rusasshen garu yana dubawa, kafin ya buɗe baki ya ce a yi gini. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zagaye rashin bangaskiya.

Wusasa ta zo a 1929, kuma ba don marmari aka yi ta ba. Hukumar Turawa da fadar Zazzau ba su so mishan ya ci gaba da zama cikin ganuwa. An daɗe ana jan magana, Miller kansa bai so tashin ba. Amma jinkirin ya zama alheri, domin ya ba da lokacin shiri. Aka daidaita maganar fili da hukuma tukuna, a gindin dutse, bayan gari amma ba nesa da kasuwa da tashar jirgi ba. A ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen aka tsara wurin da ƙafa uku kamar murhu: majami'a, makaranta, asibiti. Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa mai bakan gizo, aikin magina na gida, har yanzu tana tsaye. Asibitin Luka Mai Tsarki kuwa, a ganina, shi ne amsar Gimi: jama'ar da ta binne 'ya'yanta saboda ciwo ba ta sāke zama nesa da likita ba. Daga wannan ƙauye aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Gwamnati ma ta ɗauki darasi. Daga ƙarshen shekarun 1930, a ƙasar Anchau, ba nesa da Gimi ƙwarai ba, ma'aikatan yaƙi da ciwon barci tare da masanin ƙwari T. A. M. Nash suka sare kurmin rafuffuka, suka gwada ƙasar noma, suka haƙa rijiyoyi, sa'an nan suka tashi mutane zuwa sabon gari da aka raɗa wa suna Takalafiya. Aikin hukuma ne, da umarni aka yi shi, ba abin da ikilisiya za ta kwaikwaya duka ba. Amma lura da jerin: rijiya ta riga ɗaki.

To, mu fa? Kakannin wannan ƙasa ba su jahilci zaɓen wuri ba. Ɗan Tunku a Dambatta ya zauna, ɗansa Dambo ne ya mai da sarauta Kazaure, kuma duk wanda ya ga yadda garin ya jingina da duwatsu ga ruwa a kusa ya san ba da ka aka sauka ba. Masu bishara na SIM da suka zauna a Roni su ma makaranta suka kafa tare da wa'azi. Tsandonmu a yau wani ne dabam. A yashin Babura shi ne rijiyar da ke ƙafewa kafin damina ta sauka. A tsakuwar Roni da Gwiwa shi ne dutsen da mai haƙa zai tarar bayan gaba kaɗan. A bakin dam, sauro ne da tsargiya a jikin yara. Akwai kuma wanda ba ya cizo amma yana tashin gari: filin da aka saya da baki, ba dagaci, ba hakimi, ba takarda, ko gonar da aka sara a kan burtalin makiyaya.

Saboda haka in dattawanku sun kawo maganar sabon mazauni, kada a yanke ta a watan Satumba, lokacin da kowane fili kore ne, kowane tafki cike. A aiki mutum biyu ko uku su kwana can a watan Afrilu, su zura guga da hannunsu. A koma a Agusta a ga ko hanya tana ɓullewa, a auna tafiyar da mace mai naƙuda za ta yi da dare kafin ta kai asibiti. A san inda yara za su yi karatu, da inda za a yi makabarta, da hatsin da za a ci kafin amfanin fari ya nuna. A je da matan zumunta, gama su ne za su ɗebi ruwan. A zauna kuma da tsofaffin maƙwabta, Musulmi da Fulanin ruga, a gaishe su da ladabi, a tambaye su dalilin da ya sa fili mai kyau haka ya daɗe ba kowa a kansa.