Maɗauri Da Sukudireba: Asalin Hayar Kayan Zamiya A Tsaunukan Alps

A kowane gari da ake wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps, daga Chamonix ta Faransa zuwa St. Anton ta Ostiriya, akwai shagon haya a gindin dutse. Kafin mai shago ya ba baƙo komai sai ya tambayi nauyinsa, da tsayinsa, da shekarunsa, da iya gwanintarsa, ya auna tsawon tafin takalmin, ya duba jadawali, sannan ya sa sukudireba ya juya maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin allon zamiya har ya tsaya a kan wata lamba. A ganina tarihin sana'ar nan duka yana cikin wannan juyin sukudireba, domin haya ba ta zama babbar sana'a ba sai da aka iya daidaita kaya ɗaya da ƙafafun mutane dabam-dabam cikin aminci.

Allon zamiya kansa daɗaɗɗen abu ne. An tono gutsattsarinsa a arewacin Rasha da suka kai kimanin shekara 8,000, kuma ƙarni bayan ƙarni kayan aikin mafarauta ne da manoman ƙasashen sanyi, kowa ya sassaƙa nasa daidai da jikinsa. A Norwe ya zama wasa, musamman bayan da Sondre Norheim, mutumin Telemark, ya burge jama'a a gasar birnin Christiania a 1868, sannan Fridtjof Nansen ya ratsa Girinlan da shi a 1888. Attajiran Ingila da suka fara cin hunturu a St. Moritz da Davos na Suwizalan kuwa makonni suke yi, wasu watanni, saye bai dame su ba. Kayan zamanin katako ne mai nauyi da takalmin fata, maɗaurin kuma igiyar fata ce ko waya wadda ba ta sakin ƙafa. In mutum ya faɗi allon ya murɗe, ƙashin ƙauri ne ke biya.

Hjalmar Hvam, ɗan Norwe mazaunin Oregon a Amurka, ya karye a ƙafa a 1937, kuma daga jinyar nan ya fito da maɗauri mai sakin takalmi idan murɗawa ta yi yawa. Howard Head ya kawo allon alminiyam a 1950, wanda ya fi katako jure wahala, abin da duk mai ba da haya ke nema. A shekarun 1960 Bob Lange ya yi takalmin roba mai tauri, wanda ba ya jiƙewa ya sake siffa kamar fata. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya, ita ma ta zo daga hukumar ƙa'idojin Jamus, DIN, daga baya ta zama ta duniya: siffar tafin takalmi ɗaya ce, ma'aunin ƙarfin sakin maɗauri ɗaya ne, ko wane kamfani ya ƙera. Daga nan allo ɗaya zai iya hidimar mutane da dama a hunturu guda, kowa da lambarsa. Na ɗauki wannan a matsayin ci gaba na gaske, domin ɗan koyo, wanda ya fi kowa faɗuwa, shi ya fi amfana.

Za a ce ai jirgin ƙasa da na'urorin hawa dutse su suka tara jama'a, haya ta bi baya kawai. Akwai gaskiya a ciki. An kafa igiyar ja a Davos a 1934, kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya girka kujerun hawa na farko a Sun Valley ta Amurka a 1936, a shekarar da ma'aikatan Faransa suka sami hutu mai albashi, kuma a shekarun 1960 Faransa ta gina sababbin garuruwan zamiya irin su La Plagne da Les Arcs. To amma waɗannan duka kai mutum saman dutse suke yi, ba sa sa masa komai a ƙafa. Ma'aikacin da ke da mako ɗaya a shekara ba zai zuba kuɗi a kayan da za su kwana a ɗaki wata goma sha ɗaya ba, balle ya saya wa yara uku da ƙafarsu ke girma kowace shekara. Tun 1953 makarantun Faransa suka fara kwashe aji guda zuwa tsaunuka a hunturu, ana karatu ana koyon zamiya, kuma da wuya a ce iyayen talakawa za su iya sayen kaya saboda 'yan makonni. An yi aro da haya jefi-jefi tun kafin wannan, amma ba irin wadda za ta ɗauki aji guda ko cikin jirgi guda a safiya ɗaya ba.

Gwanaye kuma suna ƙorafi cewa takalmin haya ba ya zama a ƙafa kamar na mutum. Haka ne, shi ya sa da yawa suke sayen takalmi su riƙa hayar allo. Sai dai sauyin yayi ya ƙara wa masu haya hujja. A shekarun 1990 alluna gajeru masu siririn ƙugu, masu sauƙin juyawa, suka kori dogayen da aka saba, wanda ya saya jiya sai ya wayi gari da tsohon yayi. Faifan zamiya guda mai faɗi, wanda ake ɗora ƙafa biyu a kai, ya faro ne daga abin wasan da Sherman Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa a Michigan a 1965, Jake Burton Carpenter ya kafa kamfaninsa a Vermont a 1977, wurare da yawa suka hana faifan na tsawon shekaru, sannan ya shiga gasar Olamfik a Nagano a 1998. Mai son gwada shi ba sai ya saya ba: ya karɓa na kwana ɗaya, mai shago ya tambaye shi ƙafar da yake sa wa gaba, ya kwance maɗaurin ya juya shi ta wannan gefen.