Fada ba ya aure, to wa ke tuhumar Bishop? Waiwaye kan murabus ɗin 2010

Wani mai karatu daga yankin Bichi, manomi kuma Musulmi, ya aiko mana tambaya mai rassa biyu. Ya ce yana da maƙwabta Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, kuma faston cocinsu na ECWA magidanci ne mai mata da 'ya'ya. To don me limamin Katolika, wanda ake ce wa Fada, ba ya aure? In kuma ya karya wannan doka, ko ma shugabansa ne ya karya, wa ke kama shi?

Ba abin mamaki ba ne mutumin wannan yanki ya yi tambayar farko. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Tsanyawa da Ɗambatta, gona manne take da gona, ba a barin fili ya huta, kuma ƙarfin magidanci shi ne yawan hannuwan da ke bin sa gandu ranar shuka da ranar girbi. A birnin Kano kuwa, idan azumi ya yi nisa, Nalako da jama'arsa kan fita kamun gwauro, a ɗaura wa mutum igiya a zaga da shi gari ana kiɗa. A irin wannan ƙasa, namiji lafiyayye ya yi alkawarin zai mutu ba mata ba ɗa, dole a tsaya a dube shi.

Ana yawan cewa a shekarar 1139 aka ƙirƙiro dokar, wai don kada 'ya'yan limamai su gaje dukiyar coci. Akwai ƙamshin gaskiya a batun dukiyar, amma labarin ya girmi haka. Tun wajajen shekara ta 305 wani taron bishop-bishop a Elvira, cikin ƙasar Sifen ta yau, ya umarci limamai masu aure su ƙaurace wa shimfiɗar matansu. Ɗaruruwan shekaru ana nanata umarnin ana kuma take shi, musamman a ƙauyuka. Abin da babban taron Lateran na biyu ya yi a 1139 shi ne yanke cewa auren da limami ya ɗaura bayan naɗi bai ɗauru ba sam. Fafaroma Paul na Shida ya sake jaddada dokar a 1967. Ita kanta cocin ba ta ce wannan rukunin imani ba ne. Tsari ne da za ta iya sauyawa. Shaida kuwa ba ta da nisa: Kiristocin Lebanon 'yan Maroniyya, waɗanda wasunsu suka daɗe suna kasuwanci a Kano, suna ƙarƙashin Fafaroma, amma a cocinsu ana naɗa magidanci limami.

Cocin Katolika ta Kano sabuwa ce a tsari. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, don haka aikinta ya fi ƙarfi a Sabon Gari kafin ya kai ƙauyukan Maguzawa. Sai a 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis a hannun Bishop Patrick Sheehan, ɗan ƙasar Ailan, kuma John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. A ƙauye ma ba Fada ne ake gani kullum ba. Katikis ne, mai mata da gona kamar kowa, ke buɗe ɗan ɗakin kwano ranar Lahadi, ya karanta Linjila da Hausa, ya koya wa yara addu'a. Fada sai ya zagayo.

Tambaya ta biyu ce mai nauyi, kuma amsarta mafi kusa da mu tana Kudu, a Warri da Benin.

Richard Burke ɗan Ailan ne, daga ƙungiyar mishan ta Saint Patrick mai hedikwata a Kiltegan. An naɗa shi limami a 1975, ya yi aiki a Warri, ya kuma zama bishop ɗin garin a 1997. A watan Disamba na 2007 aka ɗaga shi zuwa Babban Bishop na Benin, a lokacin da kusan duk kujerun bishop a Najeriya sun koma hannun 'yan ƙasa. Bai yi nisa a kujerar ba, wata mata 'yar Najeriya mazauniyar Kanada ta kai ƙara ga ƙungiyarsa. Ta ce ya fara taɓa ta a 1983, a wani asibiti a Warri, tana 'yar shekara 14, kuma alaƙar ta ci gaba shekara da shekaru. A watan Oktoba na 2009 maganar ta fito a jaridun Ailan. Ranar 31 ga Mayu, 2010, fadar Batikan ta sanar cewa Fafaroma Benedict na Sha Shida ya karɓi murabus ɗinsa.

Burke bai musanta alaƙar ba. A sanarwar da ya fitar ya ce ya karya alkawarinsa na zama ba aure, ya ji kunya, ya kuma nemi gafarar mabiyansa. Abin da ya musanta, kuma bai taɓa janyewa ba, shi ne shekarun: ya ce a 1989 abin ya fara, tana da shekara 21, shi yana da 40. Ƙungiyarsa ta ce ta bincika ba ta sami hujjar da ke tabbatar da cin zarafin yarinya ba.

Shekara shida ke nan tsakanin labarinsa da nata, kuma a cikinsu ne dukkan shari'ar take. In ta 1989 ce gaskiya, zunubi ne da karya alkawari, abin da coci ke hukuntawa da kanta. In ta 1983 ce, laifi ne na 'yan sanda da kotu. Sanarwar Batikan ba ta ce uffan a kan wannan ba. Ta dai jingina murabus ɗin da sashe na 401, sakin layi na 2, na dokar coci, wanda ke maganar rashin lafiya ko wani babban dalili. Mabiyi a Benin da ya karanta wannan ba zai san ko ciwo ne ya kwantar da shugabansa ba.

Maganar ta sake tashi a watan Mayu na 2011, lokacin da gidan talabijin na ƙasar Ailan, RTÉ, ya watsa wani shiri kan 'yan mishan da ake zargi da lalata a Afirka. Shirin ya jawo wa gidan abin kunya, domin wani Fada Kevin Reynolds da aka ce ya yi wa yarinya ciki a Kenya, gwajin jini ya wanke shi tas, sai da RTÉ ya ba shi haƙuri ya biya diyya. Wannan ya kamata ya zama linzami ga duk mai saurin yarda da zargi. Burke ma, wanda shirin ya zarga, ya kai RTÉ ƙara. A 2015 shi da matar suka ba da shaida a babbar kotun Dublin, inda ta fito fili cewa ya riƙa tura mata maƙudan kuɗi. Shi ya ce matsa masa lamba aka yi. Kafin masu taya alƙali hukunci su yanke komai, sai aka yi sulhu. RTÉ ya amsa kuskure ɗaya, cewa ba daidai ba ne da ya ce Burke ya ƙi yarda a yi hira da shi. Matar ta tsaya kan maganarta, shi ya tsaya kan tasa.

Ba ni da hurumin yanke abin da kotu ba ta yanke ba, kuma babu kotun da ta taɓa samun mutumin da laifi. Amma ko a labarin da shi ya bayar da bakinsa, ina ganin kiran abin "karya alkawari" ya rage masa nauyi. Baturen Fada ɗan shekara 40 a Warri ta wancan lokaci, wanda iyaye ke rusuna wa, ba tsaran budurwa 'yar 21 ba ne. Kuma an ɗaga shi bishop, an sake ɗaga shi, ba wanda ya tsaya tambaya. Shi ya sa ban gamsu da masu cewa rashin aure ne tushen ɓarnar ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Ba dokar hana aure a can. Abin da ya haɗa wuraren biyu shi ne babba da ba a tambaya, da ƙaramin da ba a saurara.

Rum, wato fadar Batikan, ba za ta ce ba ta sani ba. A 1994 Sista Maura O'Donohue, likita ce 'yar Ailan, ta miƙa rahoton sirri kan limaman da ke lalata da sistoci, matan coci masu alkawarin zama ba aure, a ƙasashe 23, galibinsu a Afirka. Ta rubuta cewa tsoron ƙanjamau ya sa wasu ke ganin sistoci sun fi aminci. Ta kawo labarin wata ƙungiya da sistocinta 29 suka yi ciki, da shugabarsu ta kai kuka sai aka tuɓe ta. Rahoton ya kwanta shekara bakwai, har wata jaridar Katolika ta Amurka ta buga shi a 2001. Kakakin Batikan ya ce an san da matsalar, amma ta taƙaita ga wani yanki.

A shekarun nan ne kuma Emmanuel Milingo, tsohon Babban Bishop na Lusaka a Zambiya, ya yi nasa a bainar jama'a: ya auri wata 'yar Koriya a New York a 2001, ya rabu da ita bisa matsin Rum, ya koma mata, sannan a watan Satumba na 2006 ya naɗa magidanta huɗu bishop ba izini. Cikin kwana biyu aka sanar da korarsa. A lura da saurin. Wanda ya taɓa ikon naɗi, kwana biyu. Rahoton sistoci, shekara bakwai. A 2009 Babban Bishop na Bangui, Paulin Pomodimo, ya yi murabus bayan binciken Batikan kan limamai masu mata da 'ya'ya a ɓoye, limaman ƙasar suka amsa da yajin aiki.

Sauran tarihin gajere ne. A watan Fabrairu na 2019 Fafaroma Francis ya amsa a fili cewa ana cin zarafin sistoci, ya kuma tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Rum. A nan ne wata 'yar Najeriya, Sista Veronica Openibo, ta tsaya gabansu ta ƙaryata masu cewa wannan ciwon Turawa ne da bai shafi Afirka ba, ta kuma tuhume su da yin shiru. A watan Mayu na shekarar aka fitar da doka, aka tabbatar da ita a 2023: dole kowace dayosis ta buɗe ƙofar karɓar ƙara da kowa zai iya isa gare ta, dole limami da sista su kai rahoton abin da suka sani, kuma bishop da ya rufe laifi shi ma abin tuhuma ne. Dokar ba ta wajabta kai magana ga 'yan sanda ba sai inda dokar ƙasa ta ce a kai. A Kano, sai a 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara ta jiha.

Binciken bishop kuwa an damƙa shi ga babban bishop na lardinsa, da izinin Rum. Ga Kano da sabuwar dayosis ta Katsina, wadda aka kafa a 2023 aka ba Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya hau wannan muƙami, babban bishop na Kaduna ke nan. Idan babban bishop ɗin ne da kansa ake zargi, kamar yadda Burke yake a Benin, ƙarar za ta tafi Rum da kuma wajen bishop ɗin da ya fi daɗewa a kan muƙami a lardin, wanda shi ke riƙe binciken da izinin Rum.